Layi Biyun da Kawu Ya Zana

Jiya na sayi kwalin shayi a kasuwar Illela, rubutun Sinawan da ke jikinsa ya tuna mani da Kawu. Ya taɓa aiki da wani likita ɗan Sin, ya iya haruffansu kaɗan.

Wata rana bayan la'asar, shayi na tafasa bisa gawayi, ya ja layi biyu a ƙasa da tsinke.

Ya ce, "Wannan mutum ne, diba ƙafafunshi. Da can hoto suke zanawa bisa ƙashi. Daga baya wani marubuci ya tsai da shi, wani ya sa shi gudu."

Dariya na yi, ban koya ba. Yanzu duk unguwa ba ni da wanda zan tambaya. Allah ya haskaka kabarinka, Kawu.