Bututun da Aka Sa wa Motar Direba

Damina ce, ta kai tsakiya, dawa ta fi tsawon mutum. A wasu shekarun wannan abin murna ne. A waccan shekarar kuwa mai gari ya sa an yi shela, duk wanda ya shuka abu mai tsayi a bakin hanya ya sare, don mutanen daji cikin dawa suke ɓuya. Da hannunsu mutane suka sare abin da suka shuka. Ruwa ya yi albarka, amma ban tuna wani ya yi maganar ruwa ba. Maganar ita ce wa aka ɗauka, wa aka sako, wace hanya ce ta ɓaci.

Ɗana na fari direba ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba a takarda zan fara ba. Mutanen gari Direba suke ce masa, ni ma haka nake ce masa. Motarsa tsohuwa ce, mai dogon baya, irin wadda ake cika da buhuna a ɗaure ƙofar da igiya. Bayan rasuwar babansu muka sayar da shanun noma aka saya masa, shi ya sa duk abin da za a yi wa motar sai ya zo ya zauna bakin ƙofar ɗakina ya faɗa mini, ko da ban san kan abin ba. Yana lodi daga Anka zuwa Gummi, wani lokaci ya ratsa Bukkuyum. Garinmu ba a kan kwalta yake ba. Sai an sauka an bi burji, an gangara wani kwari, sannan a hau zuwa ƙofar gari. Ni da matarsa da ɗiyansa da ƙannensa, duk a motar nan muke ci.

A wannan kwarin ne dutse ya daki cikin motar, salansa, wato bututun hayaƙi, ta tsage. Ya ɗaure ta da waya yana lallaɓawa, hayaƙi na shigowa ciki, fasinja na ƙorafi, har wata mata ta yi amai a kan kayan mutane. Dole a gyara.

Ya zo ya zauna ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda malamarmu ta yaƙi da jahilci take yi mana. Ya ce akwai salansa ta Beljiyam, cikakkiya da tukunyarta, mota ba ta ƙara sam, amma kuɗinta ya fi ƙarfinmu a damina. Akwai tukunyar da masu walda ke ƙerawa da ƙarfen durom, tana da sauƙi, sai dai ba ta shekara, kuma tana shaƙe mota. Ko kuma a yanke tukunyar gaba ɗaya a sa miƙaƙƙen bututu. Wannan kusan kyauta ne, don a cikin tsohuwar tukunyar akwai wani abu kamar saƙar zuma da ake saye da daraja, kuɗinsa zai biya bututun, har ya ragu a sa sabbin fulogai da matatar iska. Ya ce injin kamar mutum ne, in ka buɗe masa hanci ya fi gudu.

Na tambaye shi aibin bututun. Ya ce ƙara.

Na ce to ni na fi son mota mai shiru, ta wuce ba a san ta wuce ba. Sai ya ba ni labarin abokinsa direba, wanda aka ɗauka da fasinjansa a hawan da ke bayan wata gada. Ya hango mutanen dajin tun daga nesa, ya taka totur har ƙasa, motar ta ƙi ja, suka cim masa a kan babura ba tare da wata wahala ba. A lokacin ba a sako shi ba tukuna.

"Inna, ba su buƙatar jin ƙara, kan hanya su ka zama," ya ce. "In sunka fito ma mutum, bayan Allah sai totur."

Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri, kuma zan bi shi Gummi in gaida ƙanwata.

Wurin masu salansa a bayan tasha yake, tsofaffin tukwane jibge kamar an zubar da kayan ɗaki. Aka hau da motar kan wasu duwatsu, mai walda ya shiga ƙarƙashi da baƙin tabarau. Mutum ne mai barkwanci. Ya ce wa Direba wannan motar ba gyara take so ba, sallah take so a yi mata a kai ta makwanci. Direba ya ce ai ta girme shi, ya yi mata magana da ladabi. Da mai waldar ya ga ina zaune kan benci ya ce, "Inna, ki toshe kunne. Wagga in ta tashi yanzu, mutanen Anka na jin ta tun daga nan su ɗora ruwan tuwo."

Wani baƙo da ke aikin zinari a wajen Abare shi ne mai sayen saƙar zumar. Yana tsaye da buhu. Da aka fasa tukunyar wata ƙura mai launin toka ta tashi, na ja benci baya na rufe hanci da mayafi. Suka yi mini dariya kaɗan. Shekarar gubar dalma na binne ɗiya mace, tun daga nan ba na yarda da ƙurar da ta fito daga ƙarfe ko dutse.

Aka tayar da motar. Ƙirjina ya ɗauka kamar ana daka a cikinsa. A hanyar dawowa na ga Direba yana murmushi shi kaɗai, don gaskiya motar ta canza. Hawan da muke yi da a giya ta biyu, ranar ba ta ko yi nishi ba. Abu ɗaya ne ban so ba: in ya ɗaga ƙafa daga totur a gangare, sai bututun ya yi tas, tas, tas, kamar ana harbi.

Ba zan ɓoye alherin bututun ba. Ba a jima ba mutanen daji suka fito masa a wannan hawan na bayan gada, ya sunkuyar da kai ya taka, motar ta fita da su. Ya dawo da huji biyu a ƙofar baya da fasinjansa cif. Na daka gumba na raba wa yara.

A gari kuwa abin bai yi daɗi ba. Ranar farko da ya gangara kwarin, mata suka bar tukwane a kan wuta suka yi bayan gida da goyo. Wata tsohuwa ta faɗi ta gurɗe. Mai gari ya aiko a kira shi. Aka zauna da 'yan sa-kai masu tsaron ƙofar gari, aka yi shawara: duk ranar da ya dawo, tun kafin ya shiga kwarin ya danna hon dogo sannan gajere, su san shi ne. Waya ba abin dogaro ba ce a lokacin, layi yana zuwa yana ɗaukewa. Haka aka yi ta yi, har yara suka koyi kwaikwayon hon ɗin da baki. Direba ya ce da kaka, in an samu lodin shinkafa, zai sa ƙaramar tukunya a ƙarshen bututun ta rage ƙarar.

Cikin 'yan sa-kan akwai ɗan maƙwabciyata. Da ita muke zuwa aji, allo ɗaya muke dubawa, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ɗan nata tare aka yi musu kaciya da Direba, kuma ya taɓa yi masa karen mota har ya iya tuƙi, kafin a kashe yayansa a gona ya ɗauki bindigar toka.

A makon da abin ya faru an shiga wani gari kusa da mu da yamma, aka kwashe mutane. Samarinmu ba su yi barcin kirki ba tun daga ranar. Sai aka yi ruwa mai yawa tun azahar, Direba ya makara, rana ta kusa faɗuwa, gari ya yi duhun hadari. Ya ratsa ruwa a wurare da dama, ruwa ya shiga hon ɗin. Daga baya ya ce ya danna ya danna, ko kukan kaza bai yi ba. Ya yi tunanin tsayawa ya taka da ƙafa, amma akwai mata a motar, kuma ba wanda ke tsayawa a bakin kwarin nan da magariba. Ya gangaro. Fitila ɗaya ce ke aiki, daga nesa kamar ta babur.

Ina tankaɗe na ji tas, tas, tas. Na ce wa matarsa ta zuba ruwan wanka, ga shi nan. Sai na ji wata ƙara guda ɗaya mai nauyi, wadda ba ta motar ba ce.

A kan tabarma aka shigo da shi. Bindigar toka ba harsashi ɗaya take fitarwa ba, guntayen ƙusa da ƙarafa ake ɗura mata. Sun fasa gilashin gaba, sun shiga kafaɗarsa ta dama da gefen wuya. Fasinja ba wanda ya samu komai sai tsagar gilashi. Mai kemis ya zo ya ciro abin da ya iya cirowa, ya ɗaure, ya ce sauran sai asibitin Anka, kuma kada a wuce gobe. Ba mai fita gari bayan magariba, ko gawa ce. Muka zauna da shi. Ta bayan katanga ina jin maƙwabciyata tana kuka ƙasa-ƙasa, tana ƙoƙarin kada in ji.

Direba ya buɗe ido sau ɗaya ya tambaye ni wa ya harba. Na faɗa masa ɗan maƙwabciyata ne. Ya ce, "Ko ni na, da na harba."

Ya rayu. Hannun daman ne bai koma daidai ba, ba ya iya sa giya, yanzu kamasho yake yi a tasha, yana kiran fasinja ga motocin wasu. Amma a wannan daren ban san zai rayu ba. Abin da na sani, mota ɗaya ce a garin, kuma bayan Direba mutum ɗaya ne ya iya tuƙa ta.

Da na sallame sallar asuba na ɗauki mayafi na zagaya gidan maƙwabciyata. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Muka gaisa, na tambaye ta kwanan yara, ta tambaye ni mai jiki. Ɗan nata yana zaune a ƙasa jikin rumbu, da kayan jiya a jikinsa, laka ta bushe a ƙafafunsa. Na ce masa ya tashi ya wanke fuska ya zo ya kai ɗan'uwansa asibiti. Ya ce ba zai iya riƙe sitiyari ba. Na ce zai iya in mun hau hanya.

Na roƙi alfarma ɗaya, kada a tayar da motar a cikin gari, mutane sun ji abin da ya ishe su. Aka kakkaɓe gilashin da ke kan kujeru, aka kwantar da Direba a baya, kansa a cinyata. Samari suka tura mu, ba a jin komai sai tayoyi cikin laka da numfashinsu, mata na tsaye a ƙofofin gida. Suka gangara da mu kwarin, suka haɗa ƙarfi suka hau da mu ɗaya gefen. Sai da muka bar gonakin gari a baya na ce wa ɗan maƙwabciyata to, bismillah, ya murɗa makulli.