Man Shanun Inna a Motar Baffa

Ranar wata Laraba ce da hantsi, kwana uku da ba mu hutun ƙarshen aji huɗu, gero ya fara fitar da kai, wata jar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu a ƙauyenmu da ke kusa da Kunci. Muna wasan carafke a zaure muka ji rurinta, muka watsar da tsakuwa muka fito da gudu. 'Yar ƙarama ce, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kusan yana jan ƙasa. Baffa Bala ne ya fito daga ciki, ƙanin babanmu da ke aiki a birni, sanye da baƙin tabarau, yana kaɗa makulli a yatsa. Kafin ya shiga gaida mahaifiyarsa sai da ya ja mana kunne a kan kada wanda ya taɓa masa fenti.

A lokacin kakarmu, wadda duk gidan muke kira Inna, tana da damuwa guda. 'Yarta, Goggo Hadiza, ta haihu a wani ƙauye can bayan duwatsun wajen Kazaure, kuma tun bayan suna ba ta iya cin abinci. Ta aiko cewa ba abin da ranta yake so sai tuwo da man shanun Inna. Saniya ɗaya ce mai tatsa a gidan. Sati uku Inna ta yi tana kaɗa nono kullum da sassafe, tana cura ɗan man da ya taso tana jefawa a ƙwaryar tsala, ko lasa ba ta bari mu yi. Da ta ji Baffa zai je barka, ta ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Gwiwoyinta ba za su lanƙwasu a wannan mota ba, don haka aka zaɓe ni, tunda ni ce nake ɗauko tulu daga rijiya ko ɗigo bai zuba ba. Inna ta naɗa gammo ta ɗora mini a cinya, ta aza ƙwaryar, ta rufe da faifai, kamar dai yadda ake yi wa mai tafiya a ƙasa. Sannan ta ɗura mini fura har wuya, wai ba a tafiya da cikin wofi.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya na ji daɗi, har ina ɗaga wa masu noma hannu. Da muka fara hawan duwatsu labari ya canza. Hanyar ta shiga murɗewa, daga wannan kwana sai waccan, dutse a dama, rami a hagu. Shi kuwa Baffa abin nema ya samu. Ya ƙure kaset, yana canza giya yana taka totur, yana murza sitiyari da hannu ɗaya yana ce mini, "Kin ga yadda take kwanciya?" Ya hana a sauke gilashi don kada ƙura ta shiga. Zafi ya taso daga ƙasan motar, man ya fara narkewa, ƙarnin tsala ya haɗu da warin fetur da wani turare mai hawa kai da ya rataya a madubi. Furar cikina ta fara yawo. Na ce, "Baffa, a hankali, zai zube." Dariya ya yi.

A wata kwana mai tsanani wani jaki ya fito da kayan ciyawa, Baffa ya danna burki. Faifan ya yi gaba, ƙwaryar ta bi shi, ni ma na bi su da amai. Tsala da narkakken mai da fura suka cakuɗe a zanena, suka gangara cikin takalmana, suna bin ƙasan motar da ɗumi. Har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Amma abin da ya fi ba ni ƙyama ba wannan ba ne. Baffa bai tambayi lafiyata ba, bai ko kalli ƙwaryar ba. "Kujerata! Wayyo kujerata!" kawai yake faɗa. Ya fizge ɗankwalina ya hau goge fatar kujerar, yana kwashe curin man da gefen takalminsa yana watsarwa a titi. Na durƙusa a bakin hanya ina kuka, na tsinci curi ɗaya da bai narke ba, bai kai ƙwan zabo ba, duk yashi.

Haka na shiga ɗakin Goggo, ina tsami, ƙudaje na bina. Ta rame sosai. Ta leƙa ƙwaryar ta ga ɗan curin da na tsinto. Sai ta sa aka kawo ruwa, ta wanke ɗan curin a tafin hannunta har sau uku, ta ɗora a kan tuwo, ta cinye tas tana share hawaye. Ta ce, "Kada ki gaya wa Inna." Na ƙi sake shiga jar motar, sai washegari aka sa ni a motar 'yan kasuwa. Ina sauka Inna ta tare ni a zaure, tambaya ɗaya ta yi mini: "Ta ci?" Na ce ta ci. Ta yi hamdala, ta ce to man zai kai ta arba'in. Har ta bar duniya haka ta sani.

Yanzu in 'yata ta yi kwaɗayin man shanu, a kasuwa nake saya mata cikin roba mai murfi, in ba direba, ya isa ko ɗigo bai zuba ba. Tana yi mini godiya a waya. Sai dai ban taɓa jin ta ce ta yi hawaye a kansa ba, ni ma ban taɓa yin sati uku ina tara mata shi ba.