Garmahon Baba Yona a Hannun Ndatsu

Shagon Ndatsu yana ƙarshen wani layi a Tudun Wada, tsakanin mai niƙa da mai faci. Shekara arba'in ya yi a nan yana gyaran kayan da suka girme shi: fitilar gas, risho mai famfo, dutsen guga na gawayi, agogon bango, keken ɗinki na hannu. Ubansa Ndagi maƙeri ne daga Bida, aikin reluwe ya kawo shi Minna. Da ya rasu ya bar wa ɗansa akwatin kayan aiki da wani ƙaton littafi mara bango.

Littafin odar kaya ne na wani kanti a Ingila, an buga shi tun ba a haifi Ndatsu ba. A da akawun reluwe kan buɗe shi su zaɓi abin da suke so, su rubuta lambarsa su aika ta gidan waya, sai bayan wata huɗu jirgin ƙasa ya sauke musu kayan. Wani akawu da aka yi wa canjin wurin aiki ne ya bar wa Ndagi shi. Ndatsu bai iya Turanci ba, hotuna yake karantawa. A ƙarshen littafin an zana cikin kowane kaya dalla-dalla, har ƙaramin noti. Idan wani abu ya ɓace a jikin fitila, sai ya duba zanen, ya samo guntun tagulla, ya yi ta goga shi da magagari har ya zauna daram.

Zuwa shekarar 2009 aikin ya ja baya. Fitilun caji na roba sun cika kasuwa. A kawo masa ɗaya, ya kwance, ya tarar da ɗan koren allo da wayoyi biyu, ya mayar ya ce, "Wannan ba ta gyaruwa." Bayansa na ciwo, yana ta fara rufe masa idon dama. Yakan wuni yana korar ƙuda, ƙarar injin niƙa na cika masa kai.

Wata Talata da damina, wata mata ta sauka daga acaɓa rungume da akwati. Ta ce sunanta Joy, malamar firamare ce.

"Baba, an ce kai ne kana gyara tsohon kaya," in ji ta. "Garmaho ne, akwatin kiɗan faifai, na kakana Baba Yona. Mun ɗauko tsohon daga gona wajen Kagara, yanzu yana zaune da mu. Abinci ma ba ya ci sosai, kullum maganar wannan akwati."

Ndatsu ya buɗe, ya juya hannun, ya ji ba ya kamawa. Sifirin ɗin ciki ya tsinke.

"'Yata, rabona da irin wannan ya fi shekara ashirin. Bar shi in gani, amma ban yi miki alkawari ba."

Da ta tafi ya jawo littafin. Shafin garmaho na nan, amma gara ta cinye rabinsa, daidai inda aka zana gidan sifirin. Ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana kallon abin da ya rage.

Ya fara gwada sifirin wani mataccen agogon bango. Faifai ya juya kamar mai jin barci, ya tsaya. Aka ce masa wani mai suna Ndaman a Wushishi yana da irin garmahon. Ya shiga mota ya je, ruwa ya yi masa duka a hanya, ya tarar an daɗe da sayar wa 'yan gwangwan kayan cikin, akwatin kuma kaza ke ƙwai a ciki. Ya dawo da mura, ya kwanta kwana uku. Matarsa Aishat ta aje masa kunu ta ce, "Malam, ka mayar mata da kayanta mana." Ya ce zai mayar. Da ya ji sauƙi sai ya koma shago ya hura gawayi.

Ya gasa bakin sifirin da ya tsinke har ya yi laushi, ya huda shi, ya sake ɗaura shi a mazauninsa. Sau biyu ƙarfen yana ƙwacewa, na biyun ya tsaga masa babban yatsa. A na uku ya zauna. Mako uku cif aikin ya ci.

Shi da kansa ya kai garmahon gidansu Joy. Baba Yona na zaune a baranda kan kujerar roba, tsoho ne tukuf, hannayensa duk kanta. Suka gaisa. Ndatsu ya ɗora faifai, ya juya hannun ya yi masa wani, ya sauke allura. Wani tsohon kiɗan badujala ya fito a shaƙe, ga janaretan maƙwabta na ruri ta bayan katanga.

Tsohon ya kasa kunne. Can ya ce, "Ya yi sauri. A hannun babana ba ya gudu haka."

Ndatsu ya juya maɓallin gudu ya rage.

"Yanzu kuma ya yi sanyi."

Haka suka yi ta yi, a ƙara a rage, har aka kira la'asar. Ndatsu a durƙushe, gwiwoyinsa sun sage. Daga ƙarshe ya ɗaga kai don ya tambaya ko ya yi, sai ya ga tsohon ya yi barci, baki a buɗe. Joy ta yi ta godiya, ta raka shi har titi. Bai san ko aikin ya yi ko bai yi ba.

Ranar Asabar sai ga Joy a shago. Ta ce Baba ya ci tuwo, kuma ya hana kowa taɓa akwatin, ya ce a kira mai gyara. Ndatsu ya dubi yatsansa, sannan ya jawo takalmi.

Shekara ɗaya da rabi yana zuwa duk Asabar. Ba wata hira suke yi ba. Ya yi wa garmahon wani, su saurari faifai uku da suka rage, tsohon ya ce ya yi sauri, Ndatsu ya taɓa maɓallin ba tare da ya juya shi ba, tsohon ya ce yauwa. Da yanar ta kama ido na biyu, tsallaka titi ya fara gagararsa. Ranar zuwansa na ƙarshe ya kira Joy, ya ɗora hannunta a kan hannun garmahon, nasa a sama, suka juya tare yana ƙirgawa.

"Goma sha biyu," ya ce. "Ko Baba ya ce ki ƙara, kada ki ƙara, sifirin ba zai ɗauka ba."

Ta ce to. Ya dafa bango ya miƙe a hankali, ya ce ta tsayar masa da acaɓa, yau ba zai iya takawa ba.