Injin Waifa a Katakon Yaya

Yayata gurguwa ce. Shan inna ya taɓa ta tun ba ta wuce goyo ba, ya bar mata ƙafafu biyu da ba sa ɗaukar komai, ya bar mata kuma baki da ba ya barin kowa. A cikin gida tana yawo a kan wani katako mai ƙananan tayoyi huɗu, tana tura ƙasa da tafin hannu. Makarantar firamaren da take koyarwa kuwa tana can gefen garin Ƙaura, wajen hanyar Shinkafi, don haka kullum ɗan kabu-kabu ne ke zuwa ƙofar gida, mu ɗora ta a bayan babur, ya kai ta ya dawo da ita.

Da shari'a ta zo aka ce 'yan kabu-kabu su daina ɗaukar mata. An kawo motocin mata, gaskiya, amma motar ba ta shiga lungunmu, matakinta kuma ya yi wa Yaya tsawo. Ta yi sati uku a gida. Hedimasta mutumin kirki ne, amma aji ba ya zama babu malami. Ya aiko cewa in ba ta dawo ba zuwa Litinin ta sama, dole ya ba wani ajin. Ranar ban ji ta tsokani kowa ba, abin da ya tayar mini da hankali ke nan.

Ni a lokacin ina gyaran wutar mota a bakin tasha, ina jin kaina sosai. Na ce mata, "Yaya, inji zan sa wa katakon nan naki, ki kai kanki."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai da ka gyara fankar Inna ta koma hura zafi?"

Na wuce shago. Na samo katako mai kauri, na sa masa tayoyin baro biyu a baya, ɗaya a gaba da ɗan guntun sitiyari, batir ɗin mota a tsakiya. Sai zancen inji. Biyu ne a shagona: kik ɗin wata tsohuwar Fijo, wato injin da ke tayar da mota, mai ƙarfi kamar doki, da injin waifa na babbar mota, wanda aikinsa duk duniya shi ne share ruwa a gilashi. Ko kallon na waifar ban yi ba. Yayata, malamar makaranta guda, a ce abin share gilashi ne ke jan ta? Ina! Na kai wa mai walda ya liƙe kik ɗin daram a gaban katakon, inda kowa zai gan shi, na ja sarƙar keke zuwa tayar baya.

Ranar Alhamis da la'asar na kawo shi filin bayan gidanmu don gwaji. Yaya ta fito a tsohon katakonta, ta tsaya a inuwar dogon yaro tana kallo. Na hau, na haɗa wuta. Wai! Abin ya zabura, ya yi filin nan da ni kamar an kora shi. Na kewayo, na cire wuta, na tsaya a gabanta ina washe baki. Jira nake ta ce sannu.

Ta ce, "Da mi kat tsaya?"

Na ce, "Da na kashe shi mana."

"A'a. Duba ƙasa."

Na duba. Ga layi biyu a ƙasa, dogaye, inda dugadugaina suka ja. Na cire wutar, katakon ya ci gaba da gudu, ni kuma na sauke ƙafafu na taka birki ban ma san na yi ba. Wallahi kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Kwana huɗu ina auna nauyinta da buhun gero, ina lissafin gangara da tudu, amma ban tuna cewa wadda zan yi wa abin ba ta da ƙafar da za ta sauke ba.

Da kunya ta yi mini yawa sai ta koma faɗa, halina ke nan. Na ce ai sai in sa masa birkin hannu, mene ne abin magana? Ta ce hannu ɗaya na sitiyari, ɗaya na makunni, na ukun a ina zan samo mata? Sannan ta nuna sarƙar da ta bi ta gefen mazauni. "Wagga kuma zanena taka jira. Ɗan'uwana, kai ka yi wa kanka mota. Tashi ka yi mini tawa."

Washegari bayan sallar Juma'a na ɗauko injin waifar ina hararar sa. Shi wannan inji akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe a cikinsa da ke juya haƙoran giya. Ƙarfen yana juya giyar, giyar ba ta iya juya shi, don haka da ka cire wuta sai taya ta cije. Na san wannan tun ina koyon aiki, girman kai ne ya rufe mini ido. Tafiyarsa dai tafiyar mutum ce a ƙasa, mutumin ma wanda ba ya sauri.

Wajen ɗaurawa ban yi gardama ba, ita ta faɗa ni na bi. Ta ce a baya, a ƙarƙashi, ɓangaren hagu, don ita zamanta a karkace yake zuwa dama, nauyin injin sai ya daidaita ta. Ta ce ban da walda. Noti huɗu take so, da guntun robar taya a tsakani don kada girgiza ta cinye mata ƙugu, kuma notin da sifana ɗaya za ta kwance, in ya lalace a hanya ta cire shi ta tura da hannu. Sarƙar na rufe ta da gwangwanin man gyaɗa da na fasa na daddale. Bai yi kyau ba ko kaɗan.

Ranar Litinin ta fita tun da sanyin safiya, littattafanta a cinya, injin yana 'yar ƙararsa. Na bi ta a baya har bakin kwalta. Ta tsaya cak, ta waiwayo. "Koma shago. Ba rakiya nac ce ka yi mini ba." Na koma, amma ban iya haɗa ko wayar wuta ɗaya daidai ba ranar.

Da azahar ta dawo. Na tare ta a zaure na ce ya aka yi, an karɓe ki?

"An karɓe ni. Amma na yi latti, har hedimasta ya yi mini faɗa."

Na durƙusa ina laluben injin, ina tambaya ko sarƙa ce ta zame, ko batir ne ya yi sanyi. Ta buge mini hannu.

"Ba abin da yas same shi. Ni nat tsaya."

Wai ta tsaya wajen mai ƙosai, ta zaɓa da kanta. Ta tsaya ta gaida wata tsohuwa da shekara da shekaru sai dai ta ɗaga mata hannu daga kan babur. Da ta zo kusa da tashar jirgin ƙasa kuma ta tsaya haka kawai, tana kallon ana sauke buhuna, ba wanda ya ce Malama mu tafi ina da wasu fasinjoji.

Ta ce, "Tunda aka haife ni ban taɓa yin latti da laifina ba sai yau." Tana faɗa tana dariya, ni kuwa na juya baya na shiga goge sifana, don ba na son ta ga idona.