Jinin da Kawu Isuhu Ya Bayar Ba Ni Aka Ƙara wa Ba

Assalamu alaikum. Na san na ɓace muku tun kafin Babbar Sallah. Masu turo saƙo suna tambaya ko aure aka yi mini, a'a wallahi, asibiti na kwanta.

Na daɗe ina rubuta wannan ina gogewa. Kun san ni da kunya.

Da jiri abin ya fara. In na miƙe daga kwance sai ɗakin ya juya. Na ɗauka yawan karatun littattafan soyayya a waya ne, don haka na yi shiru, kar Mama ta ƙwace wayar. Sai kwaɗayin ƙanƙara, in yi ta tauna kamar gyaɗa. Al'adata kuma tana daɗewa fiye da da, amma wannan ko da wasa ban iya buɗe baki na faɗa ba.

Sai zazzaɓin sauro ya zo ya same ni a haka.

Ranar da na faɗi, na kai wa Baba abinci ne rumfarsa ta albasa a kasuwar Guro. Na farka na ga mata sun kewaye ni suna cewa "yako, yako", wato sannu, wata tana yi mini fifita da kwali.

A asibiti a Treichville, nan Abidjan, likita ta ja fatar idona ƙasa, ta kalli Mama. "Madame, yarinyar nan ba jini a jikinta. Tun yaushe?"

Mama ta kalle ni. Na kalli bango.

Aka ɗibi jini, aka sa ƙarin ruwa, Baba yana ta zirga-zirga tsakanin farmasi da gadona. Da sakamako ya fito aka ce sai an ƙara mini jini, kuma nawa O négatif ne, irin da ba a cika samu ba. Babu shi a asibitin. Numfashina ya fara yin sama-sama, ko juyawa na yi sai zuciyata ta riƙa bugu kamar na yi gudu. Na ji tsoron mutuwa sosai.

Baba yana cikin ƙungiyar 'yan albasa, waɗanda iyayensu suka zo daga Nijar. Duk Lahadi bayan la'asar suna taro a tsakar gidanmu a Adjamé Liberté, su sha shayi, su yi gardama. In an yi haihuwa su kai rago, in an yi rasuwa su kai likkafani da buhun shinkafa. Ni dai in sun zo ɗaki nake shigewa.

Shugabansu Kawu Isuhu ya zo da gudummawar kuɗi a ambulan, kamar yadda suka saba. Baba ya ce, "Alhaji, ba kuɗi ne babu ba. Jini ne."

"Jini? A ina ake sayarwa?"

"Ba a sayarwa. Bayarwa ake yi."

Mama ta ce Kawu ya daɗe yana juya ambulan ɗin a hannunsa. Sannan ya fita yana buga waya.

Kafin azahar sun rufe rumfuna, sun cika bayan motar da ke ɗauko musu kaya, suka haye gada zuwa wurin karɓar jini. Baba ya ce ma'aikaciyar da ta tarbe su sai da ta buɗe taga saboda warin albasa, ta tsokani Kawu. "Tonton, miya kuka zo dafawa?"

Da yawansu ba su taɓa ganin allurar ba. An mayar da wasu saboda hawan jini, wani saboda tsufa, har ya yi fushi yana cewa ya fi yaran nan ƙarfi. Sauran suka bayar.

Ko ɗaya babu mai irin nawa. Har Baba.

Kawu ya ce, "To nawa da kuka ɗiba fa?"

"Wani za a ba, Tonton. Duk wanda ya buƙata."

"Wanda ban sani ba?"

"Ita ma 'yarku wanda ba ta sani ba take jira."

Ma'aikatan suka shiga kiran mutanen da suka bar lambarsu, masu irin jinina. Wani ya ɗauka. Ya zo.

Washegari aka rataya ledar a kaina. Ina kallon jinin yana sauka a hankali, ni kuwa da halina, har na gama zana mai shi a raina: dogo, mai shiru-shiru, da farin gilashi. Na tambayi nas ɗin a hankali ko saurayi ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ma chérie, ba mu sani ba, kuma ko mun sani ba ma faɗa. Wataƙila wata tanti ce mai sayar da aceke, dambun rogon nan."

Da yamma na ci abinci da kaina. Bayan an sallame ni na ci gaba da shan maganin ƙarin jini, kuma na gaya wa likitar mata abin da na ɓoye. Ashe yana da magani.

Lahadin farko da na dawo gida, na fito na durƙusa na gaishe su. Kawu ya ce, "Tashi, 'yata. Mu ba mu ba ki komai ba, sai dai mun ba wani. Allah Ya sa ya warke, amma zai fara son goro bai san dalili ba."

A taron nan suka yanke cewa masu lafiya a cikinsu za su riƙa komawa, ko ba nasu ne a kwance ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Mama da ba ta yi mini faɗa ba har yau, da Baba, da kawunnaina duka, har tsohon da aka kora.

'Yan'uwana mata, in jini ya yi yawa ku faɗa. Jiri da tauna ƙanƙara ba ƙaramin abu ba ne. Ku je a duba muku rukunin jininku tun kuna lafiya.

In kuma kana Abidjan, jininka O négatif ne, don Allah ka je ka bar musu lambarka. In baƙuwar lamba ta kira ka, ka ɗauka.