Cinyar kazar da na kai wa likita

Matso kusa ka ji abin da har yau jikokina suke tsokanata da shi.

A Waca ne, cikin shekarun saba'in, da bazara. Aka yi sunan ɗan ƙanen mijina, aka ba ni tukunyar kaji, don duk unguwar an san hannuna a miya. Washegari sai ga baƙi a kwance, amai da gudawa.  Kwanon tuwon da na aika wa surukata ne kawai ya dawo yadda ya tafi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Wani likita ya zo daga Magariya ya duba marasa lafiya. Ya ce ko kazar ce, ko kuma ruwan randar da aka sha. Wai a Damagaram akwai wani ɗaki, labo, inda ake goga naman a kan faifan gilashi mai abincin da ƙwayoyin cuta suke so, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu. In suna ciki sai su tsiro kamar hunhuna a kan tuwo, a duba su da madubin likita. In ba su tsiro ba, na fita. Ya ba ni kwalbar da aka tafasa, ya ce in sa ragowar naman yadda yake, in kawo da safe kafin motar Damagaram ta tashi.

Ni fa ban yi karatun lakwal ba, amma kunnena ba ya zubar da magana. Duk na ji. Sai dai da na buɗe tukunya na ga cinyar da ta rage ta yi laushi, wari ya fara tashi, kunya ta rufe ni. Manyan mutane a Damagaram su buɗe wannan, su ce haka matan Waca suke girki? Na wanke ta da lemon tsami, na soya ta a man gyaɗa har ta yi ja, na barbaɗa yaji. Kwalbar kuma na ga ba ta dace da baƙo ba, na sa a kwanona na samira, na ɗaure da ƙyalle mai kyau.

Likita yana buɗewa ƙamshi ya cika ɗakin.

"Inna, me kika yi?"

"Ɗan gyarawa na yi, likita, kada a ji kunya."

Ya dafe kai. Ya ce ko akwai ƙwayoyin ko babu, wuta ta share zancen, kuma da hannuna na soye abu guda da zai iya wanke ni.

Direban motar ne ya cinye ta, ya kuma dawo garau. Na garzaya na gaya wa surukata. Ta ce to ai shi suya biyu ya samu.

Shekara uku duk sunan da aka yi a gidan, wanke-wanke ake ba ni. Amma don Allah, kai da za ka aika wa baƙo cinya tana wari?