Taɓaryar Hajo

A Kebbe aka haife ni, Nasara bai zo ba tukuna. Da kaka, in an yi lisha, Inna, uwar babanmu, takan hura wuta da kara mu kewaye ta.

Shekarar da nake faɗi, 'yan matan unguwarmu biyar suka haɗa gayyar sussuka: yau gidan wannan, gobe gidan waccan. Suka kira Hajo, 'yar baffana da muke gida ɗaya, suka bar ni, wai hannuna bai yi ƙwari ba. Hajon da na girme wa da wata uku! Ina jin lugudensu daga ɗaki, kishi kamar ya kashe ni. Ranar da za a zo gidanmu saura kwana ɗaya, na ɗauke taɓaryarta na cusa ƙarƙashin rumbu. Ta nema har da kuka. In ba taɓarya, wata za su sa a gurbinta, abin da nake so ke nan.

Daren nan Inna ta ce, "Ga ta nan, ku tara kunne." Wai kurege ya kira gayyar noma, zomo da gafiya suka zo, aka manta da bushiya. Bushiya ta ji haushi ta binne hauyar zomo. Ciyawa ta cinye gona. Da rani bushiya ta je rumbun kurege, inda ta saba samun kalace, ta tarar da shi wayam.

"Kun gani," in ji Inna, tana gyara wuta, ba ta ko dube ni ba. "Su sun yi gayya, ita ta yi da gayya. Magana guda ta, 'da' ɗai aka ƙara mata. Ke Kulu, mi ad daɗi ga tuwon gidanga in ba a sussuke hatsi ba?"

Na ce ban sani ba. Da asuba na jingina taɓaryar a ƙofar Hajo. Daga baya ta yi aure Tambuwal, ta rasu can, ban taɓa gaya mata ba.

Bara ɗana soja ya zo gida yana ta "sikwad ɗinmu". Ya ce kalmar Turanci ce, mutum kaɗan masu aiki ɗaya, ko soja ko 'yan ƙwallo. Na ce, wanda aka bari waje fa, me ake kiran abin da yake yi? Ya yi dariya, ya ce babu.

Na ce mu muna da shi, "da gayya" muke cewa, uwarka ma ta taɓa yi.